Tsokar Gagarau

Gagarau ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya kai damtsensa saitin hancin mai gadin ƙofar jami'a.

"Kati kake tambayata? Ga katina. Duba nan da kyau, ɗana."

Mai gadin ya duba, don ba shi da inda zai kai idonsa. Wani ɗan tabo ne, bai kai ƙwayar wake ba.

"Nan aka yanka. Tsokar da aka cire a wurin nan, shekara ashirin da ɗoriya ke nan tana cikin ginin can na bayanka, tana ci tana sha tana hayayyafa. Na riga ka fara aiki a gidan nan, yaro. Buɗe mana."

"Gagarau, sauke hannunka," in ji Tela daga baya. "Bawan Allahn nan yana da iyali, kar hammatarka ta kashe shi."

"Ƙyale shi," in ji Mai Faci. "Yau ranarsa ce. Mu da muka shekara muna jin labari, yau ma ga hoto."

Mai gadin ya yi dariya ya ɗaga musu ƙarfen. Tsofaffin uku suka shige, Gagarau a gaba, takalminsa sabo yana ƙara a kan kwalta.

Wanda bai san Gagarau ba baƙo ne a unguwarsu. Ranar da kamfanin fenti ya kama da wuta, shi ne na ƙarshen fitowa, gemunsa na hayaƙi, yana tambayar wa ya ga kwanon abincinsa. Motar da ta faɗa kogi da mutane maƙil, shi ya taso da takalminsa a hannu. Kwalara ta shiga layinsu ta yi shara, ta zo ƙofarsa ta sunkuyar da kai ta wuce. Abokan aikinsa na ɗakin haɗa fenti kuwa, waɗanda suka shaƙi abin da ya shaƙa, ciwon daji ya bi su yana ɗauka ɗai-ɗai kamar shaho a cikin 'yan tsaki, ya bar shi tsaye yana zuwa musu gaisuwa. Bai taɓa zama a aji ba, har yau da babban yatsa yake sa hannu. Amma ga jami'a sukutum ta duƙa a kan fatarsa tana karatu. In wannan bai isa a yi taƙama da shi ba, to a kawo abin da ya isa.

Wadda ta yanki tsokar 'yar ƙaninsa ce. Sunan mahaifiyarsu aka sa mata, don haka Uwata yake kiranta tun tana cikin zani. Ubanta mutum ne da rana ba ta ƙaunarsa. Ko minti kaɗan ya yi a waje sai fatarsa ta tashi, ta yi ɗigo-ɗigo baƙi, ɗigon ya zama gyambo. Ya ƙare rayuwarsa a wani ɗaki mai labule biyu yana gyaran agogo, in zai fita sai da lema da safar hannu. Gagarau ne ya raɗa masa Ɗan Inuwa, sunan kuma ya bi shi har kabari. Yarinyar tana tsakiyar karatunta mai zurfi ya rasu, Gagarau ya tattara gidan ya riƙe, shi ya aurar da ita, shi ya yi wa 'ya'yanta huɗuba.

Bai manta ranar da ta zo masa da maganar ba. Ta durƙusa ta ce, "Baffa, jikinka ba irin na mutane ba ne. Muna so mu gano sirrinsa." Ko allurar kashe zafi cewa ya yi a bar ta, likitan ne ya nace. Tun daga ranar, duk zuwan da za ta yi gida sai ya tambaye ta, "Uwata, ya mutanena?" Ita kuma ta ce, "Suna nan, Baffa. Kullum muna ƙona su da fitila, kullum suna gyara kansu." Kafin ta gama shan ruwa labarin ya isa bencin da ke gaban shagon Tela.

Yau aka ba ta kujerar farfesa, za ta tsaya a gaban jama'a ta faɗi abin da ta shekara tana yi. Ta ce ya zo. Shi kuma ya ce wa abokansa su zo su ji da kunnensu, don Tela ya daɗe yana cewa in ƙarya tana sa ƙiba da Gagarau bai shiga ƙofa ba.

Zauren ya cika. Sanyin na'ura ya ratsa sabuwar rigarsa, amma bai nuna ba. Mijinta ya taso da sauri ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya kai su layin gaba. Manya masu jajayen riguna da huluna masu tunku suka shigo a jere, wani ya karanta ƙasashen da ta je da lambobin da ta ci har Mai Faci ya fara gyangyaɗi. Sannan ta taso. Ga furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, amma tafiyar tana nan, irin ta kakarta, kamar mai zuwa raba faɗa.

Ta ce yau za ta yi magana yadda mutanen gidansu za su gane, masana su yi haƙuri.

"A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wani dogon zare da ake kira DNA. Duk umarnin jiki a kansa yake. Kullum rana tana ƙona shi, hayaƙi yana cinsa. Da haka aka bar shi, da ba wanda zai yi gemu a cikinmu. To amma akwai masu faci a ciki. Suna bin zaren suna lalube, inda suka ji ya huje su yanke su liƙe."

Mai Faci ya farka ya zunguri Tela. "Ka ji mu a jami'a."

"Su kuma masu facin ba daga sama suke faɗowa ba, jiki ne ke ƙera su. Sai an kwafi umarnin ƙera su daga DNA zuwa wani saƙo da ake kira RNA. Saƙon yana fitowa ne kamar yadin da ba a yanka ba. Sai an yanke rarar, an haɗa gaba da baya, an ɗinke. In almakashi ya kauce ko da faɗin gashi ne, ɗinki ya ɓaci, mai faci ba zai samu ba. Rayuwata duka a kan wannan almakashin na yi ta."

Tela ya gyara zama ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Gagarau ya bar su su ɗan ɗana. Ai ba a fara rabon nama da kai.

Aka rage fitilu. Hoto ya fito a bango, da'ira biyu gefe da gefe. Ta hagu duhu-duhu, da 'yan ɗigon haske a warwatse. Ta dama kuwa kore shar, tana walƙiya kamar gona bayan ruwa. Ba sai an gaya wa Gagarau wacce ce tasa ba. Ya buga wa Tela gwiwa.

"Na hagu ƙwayoyin mahaifina ne," in ji ta. Ta ɗan tsaya ta sha ruwa. "A jikinsa almakashin ya kauce. In saƙo ɗari ya fito, 'yan ƙalilan ne ke ɗinkuwa daidai. Littattafanmu sun ce mai irin wannan ciwon da wuya ya wuce ƙuruciya. Shi da wannan ƙalilan ɗin ya yi sana'a, ya yi aure, ya haife ni, ya ga na shiga jami'a. Na duba ƙwayoyin mutane da yawa, ban taɓa ganin jikin da ya yi yaƙi kamar nasa ba. Duk abin da na gano a kansa na gano, har maganin da muke gwadawa yanzu don ya karkato da almakashin."

Gagarau ya gyaɗa kai. Allah ya jiƙan Ɗan Inuwa, an yi masa kara, ya dace.

"Na dama kuma..."

Ya dafa gwiwoyinsa ya fara ɗagowa.

"...na awo ne. A aikinmu ba ka cewa abu ya lalace sai ka ajiye lafiyayye a gefensa, wanda ba shi da komai na daban, irin na kowa da kowa. Mun bincike waɗannan ciki da waje, babu abin mamaki a cikinsu ko ɗaya, kuma abin da muke so ke nan. Kowa a zauren nan da zai iya bayarwa. Baffana ne ya ba mu. Ga shi can, ina gode masa."

Tafi ya tashi. Ya riske shi rabi a tsaye rabi a zaune, kamar wanda ciwon baya ya kama a banɗaki. Mutane suna juyowa suna murmushi. Dole ya ƙarasa miƙewa, ya ɗaga hannu, ya koma ya zauna.

"Irin na kowa da kowa," in ji Tela a hankali, yana kallon silin.

Mai Faci ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa suna rawa.

Sauran laccar Gagarau bai ji ta ba. Yana kallon koren nan a bango har aka ɗauke shi.

Da aka tashi, jama'a suka yi wajen teburin lemo da kek. Shi ya tsaya a baranda, hannayensa a baya. A nan ta same shi, jar rigar tana jikinta, furanni a hannu.

"Baffa, ina ta nemanka a ɗauki hoto."

"Farfesa, kai ni inda kika ajiye ni."

"Baffa, ni ce fa."

"Na gan ki. Mu je."

Ta miƙa wa wata furannin, ta wuce gaba. Suka hau bene, suka bi wani dogon lungu mai warin asibiti, ta kara kati a ƙofa. Ɗakin da ya shekara ashirin yana siffanta wa mutane ke nan, bai taɓa shigarsa ba. Ya sha cewa akwai sojoji a ƙofar. Ashe tebura ne dogaye, da kwalabe masu ruwa ja-ja, da firji suna gurnani, da wani kofin shayi da aka manta a kan taga. A kusurwa ga wata tukunyar ƙarfe mai ƙafafun taya, tsayinta ya kai ƙugunsa.

Ta rufe ƙofa.

"Kin ce jikina ba irin na mutane ba ne."

"Na ce."

"Ƙarya ce?"

"Ƙarya ce, Baffa."

Ya zaci za ta yi kwana-kwana, ya shirya kama ta. Da ta miƙo masa gaskiyar tsirara sai ya rasa inda zai riƙe.

"Ni? Ni kika yi wa wayo kamar yaron da za a yi wa allura?"

"Na fara zuwa na ce maka don Abba ne. Ka tuna abin da ka ce mini?"

Ya tuna. Yana wanke kekensa a tsakar gida. Ya ce ba a yanka lafiyayye don raggo, in ya daina gudun rana zai warke.

"Ɗan'uwansa na jini ya fi dacewa da awon," in ji ta, "Abba kuma ba shi da lokaci. Sai na dawo maka da maganar da za ka ji."

"To na ji. Wannan rana ɗaya ce. Sauran shekarun fa? Kina zaune ina faɗa a gidan biki, ina faɗa a gidan makoki. Na faɗa wa likitan ido. Na faɗa wa mutumin da ya zo karanta mita. Ba ki taɓa jan hannun rigata kin ce, Baffa, sassauta ba." Ya tsaya. "Mijinki ya sani?"

Ta dubi ƙasa.

"Shi da yake ce mini in ƙara ba shi labarin? Yaran fa, masu taɓa tabon suna gudu?"

"Babbar ta sani."

"Babbar ta sani." Ya nemi kujera ya ga duk dogaye ne marasa majingina, ya fasa. "Ashe a gidanki ni ne talabijin."

"Wallahi ba haka ba ne. Kana jin daɗi, muna jin daɗin ganinka. Duk shekarar da ta wuce sai faɗar ta ƙara nauyi."

"Sai kika tara ta, kika sauke mini a gaban Tela."

"Mutanen da ke zauren nan sun karanta aikina. Ba zan tsaya a gabansu in faɗi abin da ba shi ba. Jiya na zo har bakin layinku don in gaya maka, na yi ta zama a mota, na juya."

"Kin iya yanka ni, kin kasa gaya mini."

Firji ɗaya ya yi shiru, wani ya ɗauka.

"To gobarar fa?" Muryarsa ta sauka. "Kogin fa? Mutanen ɗakin fenti da suka tafi suka bar ni? Wannan duk ba ki ga komai ba a cikin madubin naki?"

"Na duba, Baffa. Don kaina na duba, na so in samu. Babu. Kwana ne Allah ya ja maka."

Kwana. Abin da ake ce wa kowace tsohuwa da ta faɗi a bakin rijiya ta tashi. Shekara ashirin ta karatu, da ƙasashe, da jar riga, a ƙare masa da abin da mai sayar da gawayi zai faɗa masa kyauta.

"Ba ni namana."

"Baffa."

"Ba kya ji ne? Tunda kowa zai iya bayarwa, ga zaure can cike, je ki yanki na masu huluna."

Ta cire hular tunkun ta ajiye a kan tebur. Ta yi masa bayani a hankali, yadda take yi wa ɗalibai. Ƙwayoyinsa da ke cikin farantin gwaji sun tsufa, sun daina hayayyafa. Abin da ya rage 'yan kwalabe uku ne a daskare, tun na farko. Duk awon da ta taɓa yi da su ta yi, har na maganin nan. In aka canja ma'auni a tsakiyar hanya sai an koma baya an sake, shekara ɗaya ko biyu, masu ciwon kuma suna jira.

"Ashe na kowa da kowa ma yana da rana."

"Yana da ita. Ban taɓa cewa ba shi da ita ba. Amma naka ne. In mai abu ya ce a daina, dole a daina, ƙa'idarmu ce. A nan muke lalata su."

"A hannuna za ki sa mini."

Ta zura wasu manyan safar hannu har gwiwar hannu, ta sa gilashi a fuska, ta buɗe tukunyar. Farin tururi ya tumbatso ya gangaro ƙasa, ya lulluɓe sabon takalminsa, sanyi ya kama idon sawunsa. Ta jawo wani ƙarfe mai hawa-hawa, ta zaro akwati ɗan ƙarami, ta buɗe. 'Yan kwalabe ne a jere, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba. Ta sa hantsaki ta ɗauko uku.

"Waɗannan na gefensu fa?"

"Na Abba ne."

Ya kau da kai ya dubi kofin shayin da ke kan taga.

Ta naɗe su a auduga, ta sa a 'yar leda, ta ɗaure. Hannunta bai yi rawa ba, jinin gidan ne. Ta miƙa masa da hannu biyu.

"Kafin ka kai gida sun mutu. In ka dawo da su kafin su narke, ana iya mayarwa. Ina nan, ba zan sauka ba."

Ya jefa ledar a aljihun wando ya fita, bai rufe ƙofar ba.

A tashar bas da ke gaban jami'a ya sami abokansa, kowa da robar lemo. Tela ya hango shi ya miƙe tsaye ya sara masa.

"Ga na kowa da kowa! Ranka ya daɗe, ashe ni ma in na ba da tawa..."

Mai Faci ya taka masa ƙafa. Shi ya ga fuskar.

"Me ke aljihunka kake dafewa?"

Gagarau ya zaro ledar ya nuna musu, ya mayar. Ya gaya musu a taƙaice, abin da bai saba ba.

"Kai, Gagarau," in ji Mai Faci. "Wasa fa muke. Mayar wa yarinyar nan kayan aikinta."

"Yarinyar ta girma."

"Ba don ita ba, don masu ciwon. Irin ciwon ƙaninka ne fa."

"Ta yanki taka."

"Wallahi in za ta karɓa yanzu zan hau," in ji Tela, dariyar ta bar fuskarsa. "Amma ka ji ta ce sai an koma baya. Haba, mutumina. Wa bai taɓa shan ƙarya a gidansa ba? Ni matata shekara talatin tana ce mini ina da kyau."

Gagarau bai yi dariya ba. Sanyin ya ratsa audugar, ya ratsa yadin, yana cizon cinyarsa kamar an ɗora masa garwashi. Daga inda yake tsaye yana hango benen, da layin tagogi, da wani jan abu a bayan ɗaya daga cikinsu da bai motsa ba. Tafiyar ba ta da nisa. Ko da gwiwoyin nan nasa zai kai kafin su narke.

"Mutum uku! Mutum uku a tashi!" in ji kwandasta yana dukan jikin bas.

Wayarsa ta fara ruri a aljihun riga. Ba ya karatu, amma ya san waƙar da babbar jikar ta sa masa don kiran uwarta.

"Ɗauka mana," in ji Mai Faci.

Gagarau ya kama ƙarfen ƙofa ya hau. Abokan suka dubi juna, suka bi shi, don ba a barin tsoho shi kaɗai da irin wannan fuskar. Ya sami wuri a jikin taga, ya zauna, ya ɗora tafinsa a kan aljihun. Bas ta ja. Wayar ta yi ta yi ta gaji, ta sake farawa, ta sake gajiya.

A mahaɗar farko sanyin yana cizo. Da suka wuce asibiti ya koma ɗan danshi a jikin yadi. Wajen kasuwa cunkoso ya riƙe su, rana ta bugi gefen motar. Gagarau ya matsa aljihun da yatsunsa yana neman inda sanyin yake. Ledar ta ɗauki ɗumin cinyarsa, har ya daina jin inda take.